Sanduna Huɗu A Garkarmu Ta Liyon

 

Muna rubuto wannan takarda ne daga birnin Liyon na ƙasar Faransa, a ƙarshen watan Rajab na 1447, wanda ya zo daidai da tsakiyar Janairu na 2026. Ranar Lahadi bayan sallar azahar muka ɗauki ɗiyarmu ta fari muka nufi garka. Babu aikin da ya kai mu, domin a wannan lokaci ƙasa ta daskare, fartanya ba ta shigarta. Ƙafa ce kawai ta saba da hanyar. Muka tarar da raɓar da ta ƙanƙare tun dare tana nan fara fat a kan ciyawa, ko da yake rana ta yi tsaka, in har za a kira farin faifan nan da ke leƙowa ta cikin hazo da sunan rana. A jikin shinge, inda wardinmu huɗu suke, babu abin da ido ke gani sai sanduna masu ƙaya, ba ganye, ba fure. Yarinyar, wadda shekarunta 6, ta daɗe tana kallonsu, sannan ta ce: "Baba, sun mutu ne?" Muka ce mata a'a, barci suke yi, za su farka idan rana ta dawo. Ta ce: "To yaushe za ta dawo?" Muka ƙirga mata da yatsu: Fabrairu, Maris, Afrilu, Mayu. Ta ce sun yi yawa. Mu ma haka muka ce a zuci.

Mun san abin dariya ne a ji ɗan Damagaram yana begen rana, alhali da gudunta muka tashi. Wanda ya yi Afrilu da Mayu a Birni ko Zango ya san yadda zafi ke wuce digiri 40, katangar ɗaki ta riƙe shi har tsakar dare, a yayyafa wa tabarma ruwa kafin a kwanta, ƴan garuwa su ƙara kuɗi, kowa ya zuba ido gabas yana neman alamar hadari. Sau da yawa mun bi mahaifinmu, Malam, zuwa bayan gari sallar roƙon ruwa, amma ba mu taɓa jin an fita roƙon rana ba. A ɗarinmu na farko a nan, cikin Disamba na 2013, muka kira shi ta waya muka ce kwana 15 ke nan ba mu ga rana ba, har ƙirjinmu ya ƙuntata. Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi, ya ce: "Kai, zo ka ɗebi tamu, ta yi mana yawa."

Ga lissafin dai, don kada a ce raki ne. A gida magariba ba ta wuce tsakanin ƙarfe 6 da ƙarfe 7, rani da damina. A Liyon, a ƙarshen Disamba, rana ba ta fitowa sai wajen ƙarfe 8 da minti 20 na safe, kuma kafin ƙarfe 5 na yamma ta faɗi. Yinin duka bai cika sa'a 9 ba. Mu da muke aiki a wani babban sito na kaya a bayan gari, cikin duhu muke shiga, cikin duhu muke fita, azahar da la'asar da magariba duk su same mu a ƙarƙashin fitilar lantarki. A ƙarshen Yuni kuwa sai ƙarfe 9 da rabi ta gota sannan magariba ta yi. Malam ya karantar da mu tun muna yara cewa magabata sukan yi murna da zuwan ɗari, domin yininsa gajere ne ga mai azumi, darensa kuma dogo ne ga mai tsayuwa. Mun gaskata wannan, balle mu da muka yi azumin 2016, wanda ya faɗo cikin Yuni, muna kame baki fiye da sa'a 17. Sai dai zuciya ba ta da kunya: ko a kan sallaya, cikin dogon daren nan mai albarka, takan zame ta tafi jikin shingen garka, sai mun yi istigfari mun jawo ta.

Shi kansa lokacin da muke begen ba mu samo masa suna da Hausa ba. Faransawa suna ce masa été. In muka ce bazara, mai karatu zai tuna ƙishi da ƙura. In muka ce damina, zai tuna hadari da laka. Wannan kuwa kore ne shar, tare da dogon yini da iska mai daɗi, ko da yake ƙarshensa yakan kawo zafin da ke tuna mana gida, kamar Agusta na 2023 da Liyon ta wuce digiri 40. Uwargida ce ta raɗa masa "lokacin wardi", sunan kuma ya bi shi a gidanmu.

Mai karatu yana iya tambaya me ya haɗa ɗan malam da fure. Amsar ita ce mun san ƙanshin wardi shekara 20 kafin mu ga itacensa. Da Malam ya dawo daga aikin hajji muna ƴan yara, cikin tsarabar da bai raba wa kowa ba akwai wata ƴar kwalba da ba ta kai tsawon ɗan yatsa ba, ta turaren wardin Ɗa'ifa. A cikin gafaka yake ajiye ta, tare da littattafai. Ranar Juma'a kaɗai take fitowa: bayan ya yi wanka ya naɗa rawani, sai ya taɓa bakinta da yatsa ya shafa a gemu da gefen alkyabba, in mun yi sa'a ya goga ragowar a goshinmu. Kwalbar nan ta yi shekaru ba ta ƙare ba. Sai daga baya muka fahimci dalilin tsimin. A duwatsun Ɗa'ifa, cikin Maris da Afrilu, da asuba ake tsinkar furen kafin rana ta kwashe ƙanshinsa, kuma irin wannan wardi sai an dafa tan 3 zuwa 4 na furensa kafin a sami kilo guda na mai. Da shi ake haɗa ruwan Zamzam a wanke cikin Ka'aba. A makarantar allo mun haddace kalmar a Suratur Rahman, aya ta 37, inda aka siffanta launin sama ranar tashin ƙiyama. Da muka tambayi Malam mene ne wardi, ya ce fure ne ja na ƙasashen Larabawa. Shi ma, kamar yadda muka gane da girmanmu, bai taɓa ganinsa a tsaye ba. A wurinmu dai wardi shi ne ƙanshin Juma'a, shi ne kuma ƙanshin mahaifi.

Cikin Yuni na 2014 wani abokin aiki ya ja mu zuwa babban lambun birni da ake kira Tête d'Or, inda shiga kyauta ce. A can akwai filin wardi da aka buɗe a 1964, itatuwa dubbai, ja da fari da ɗorawa da ruwan goro, iya ganin ido. Muka sunkuya kan na farko da ya burge mu muka shaƙa, babu komai. Na biyu ma haka. Na uku ɗan ƙanshi kamar na sabulu. Muka ji kamar wanda aka miƙo wa akushi a rufe, ya buɗe ya tarar da wayam. Sai da muka kai inda tsofaffin iri suke, muka kai hanci kan wani fure mai yamutsattsen ganye wanda ko kallo bai isa ba, sai ga mu a zauren Malam ranar Juma'a. Muka nemi benci muka zauna, muka daɗe ba mu ce uffan ba, har abokin ya zaci ciwon kai ne ya kama mu.

Daga baya muka san cewa a sha'anin wardi ba ƙaramin gari Allah Ya kawo mu ba. A Liyon ne Jean-Baptiste Guillot ya fitar da irin da ya kira La France a 1867, wanda masana ke ƙirgawa a matsayin farkon wardin zamani. A nan ne kuma Joseph Pernet-Ducher ya fitar da Soleil d'Or a 1900, bayan ya haɗa wani wardin lambu da wani ɗorawa na ƙasar Farisa, daga nan launin ɗorawa mai ƙarfi ya shiga wardin zamani. Masu wannan sana'a sun bi girman fure da launi da yawan fitowa, ƙanshi kuwa ya zube musu a hanya a iri da yawa. A ganinmu wardi marar ƙanshi miya ce ba daddawa, amma za a ji nan gaba cewa ko a cikin gidanmu ba kowa ya yarda da haka ba.

Garkar ba mallakarmu ba ce. Irin ƙananan filayen nan ne da ake yanka wa ma'aikata mazauna benaye, al'adar da wani limamin Kirista, Abbé Lemire, ya kafa wa ƙungiya a 1896. Mun rubuta suna muka jira shekara 3, aka ba mu a 2018, ana biyan ɗan kuɗi kowace shekara. To, me ɗan Damagaram zai shuka? Kuɓewa, yakuwa, barkono, tumatir, alayyafo. Yakuwa tana ba da ganye sosai, amma ba ta kai wa ga zoɓo, domin sai yini ya gajarta take fure, kafin nan kuwa sanyi ya cim mata. Zogale sau biyu muka gwada, daren farko da raɓa ta daskare ya kwanta bai sake tashi ba. Duk abin da muke shukawa na shekara guda ne: a shuka a Mayu, a ci a Satumba, a tuge a Oktoba. Ba mu lura da haka ba sai da maƙwabcinmu na garka ya faɗa.

Dattijo ne mutumin Bilida ta ƙasar Aljeriya, wadda ake yi wa kirari da garin wardi. Ya zo Faransa yana saurayi a shekarun 1960, da niyyar ya yi shekara biyu a masana'anta, ya tara kuɗin aure ya koma. Muka same shi da jikoki 9. Muna ce masa Baba Alhaji, shi kuma yana ce mana "ɗana". Wata rana ya jingina da shinge yana kallon kuɓewarmu, ya ce: "Ɗana, na gane ka. Ni ma na yi shekara goma ban shuka komai ba sai na'ana'a da albasa, jakata a ɗaure a ƙarƙashin gado. Wanda ke ganin gobe zai tafi ba ya dasa abin da zai jira shi." Muka yi dariya, muka ce mu kam in sha Allahu za mu koma, akwai masallacin da ke jiranmu. Bai yi gardama ba. Cikin Nuwamba na 2019, watan da mutanen nan ke dashen itatuwa, ya haƙo wani ɗan reshe mai saiwa daga gindin wardinsa, ya naɗe shi a jarida, ya miƙo ta saman shinge. Kyautar dattijo ba a mayar da ita. Muka dasa.

Wannan shi ne Rose de Rescht, mai sunan garin Rasht na ƙasar Iran, kuma har yau shi ne na farko a zuciyarmu. Gajere ne, bai wuce ƙugu ba. Furensa bai fi bakin kofin shayi da yawa ba, ja ne mai sirkin shunayya, ganye a cushe kan ganye, yana zaune a tsakiyar ganyen itacen kamar ba shi da wuya. Ba ya neman magani, ba ya tsoron sanyi, yakan yi fure a Yuni, ya huta, ya sake a Satumba. Ƙanshinsa kuwa shi ne na gemun Malam, ko kuwa ƙanensa. Baba Alhaji ya rasu a 2022, Allah Ya ji ƙansa, Ya sa ya huta. Ƴaƴansa suka cika wasiyyarsa, aka sa gawarsa a jirgi zuwa Bilida, ya koma bayan shekara kusan 60. Wanda aka ba garkarsa ya tuge wardin duka ya shuka dankali. Na jikin shingenmu shi kaɗai ya rage.

Daga ɗaya sai suka zama huɗu, kamar yadda mai akuya guda ke wayar gari da garke. Na biyu shi ne Papa Meilland, wanda Alain Meilland ya fitar a 1963 ya sa masa sunan kakansa. Ja ne wur har ya kusa baƙi, ganyen furensa kamar karammiski, ƙanshinsa ya fi na kowa ƙarfi, fure ɗaya a cikin kofi ya ishi ɗaki. Amma shagwaɓaɓɓe ne. Farin fumfuna yana kama ganyensa, ƙananan ƙwarin nan masu kawo darɓa suna taruwa a tohonsa, itacen kansa dogo ne ba kyan gani, ƙafafu tsirara. Tun ranar 1 ga Janairu na 2019 doka ta hana masu garka a Faransa amfani da magungunan ƙwari na kemikal, saboda haka da ruwan baƙin sabulu muke wanke shi, da yatsa muke murtsuke ƙwarin. Kowane ɗari mukan ce bana za mu tuge shi mu huta, kowane Yuni ya ba da fure biyar ko shida mu janye maganar.

Na uku na uwargida ne, ita ta zaɓe shi, kuma har yanzu muna saɓani a kansa. Francis Meilland ne ya haɗa shi a 1935 a kusa da Liyon, ya sa masa sunan mahaifiyarsa, Madame A. Meilland. An fitar da rassansa zuwa ƙasashen waje gab da yaƙin duniya na biyu. A Amurka aka raɗa masa Peace, wato zaman lafiya, ranar 29 ga Afrilu na 1945, aka kuma raba furensa ga wakilan ƙasashe a taron kafa Majalisar Ɗinkin Duniya a San Faransisko. Furensa ya kai tafin hannu, ɗorawa mai haske da baki ruwan hoda. Ƙanshi kaɗan ne ƙwarai. Mukan ce mata ado ne kawai, ita kuma ta ce ai ba hanci kaɗai Allah Ya ba ɗan Adam ba. Ba mu samo amsar wannan ba tukuna.

Na huɗu, Ispahan, dangin wardin Dimashƙa ne, wato gidansu ɗaya da na Ɗa'ifa. Yanzu ya fi mu tsawo. Sau ɗaya yake fure a shekara, amma in ya fara a farkon Yuni sai ya yi wajen sati 6 yana zubowa har rassan su sunkuya, wanda kuma ya yi tafiya a wannan lokaci sai baɗi. Daga shi uwargida ke tsinka da sassafe, ta shanya wasu a inuwa, ta dafa wasu a tukunya da murfi a birkice da ƙanƙara a kai, ruwan wardi ya riƙa ɗiga a ƙaramin kwano.

Waɗannan makonni ne muke bege. Mutum ya taso daga aiki ya tarar rana tana nan sama kamar ba a taɓa ta ba, ya biya gida ya kwashi iyali. Yara su tuɓe takalma. A ɗora buta a ƙaramin murhu a dafa shayi irin na gida, na ɗaya da na biyu da na uku, maƙwabta su leƙo, wannan Baturke, wancan mutumin Fotugal, a yi musayar tumatir da barkono. Ƙudan zuma su yi ta kai da kawowa a kan Ispahan. Wajen ƙarfe 9, da iska ta lafa, ƙanshin nan ya sauko ya cika garkar, a shimfiɗa tabarma a kan ciyawa a jira magariba. A Janairu, in muka rufe ido a cikin motar zuwa aiki, wannan muke gani.

Mun daɗe ba mu faɗa wa Malam zancen wardi ba. Labarin kuɓewa da yakuwa yana jin daɗinsa, yakan ma ba da shawara. Ranar da muka ambaci wardi sai ya yi shiru, sannan ya tambaya ko ana cinsa, ko yana magani, ko yana inuwa. Muka ce: "Allah gafarta Malam, ƙanshi yake yi." Ya ce: "Ruwa nawa yake sha?" Wanda bai zauna Damagaram ba ba zai ji nauyin wannan tambaya ba. A gidanmu ko ruwan alwala ba ya zuba a banza, akwai lalle da lemun tsami a inda yake gangarawa. Muka ba shi amsa irin ta ɗalibai: cewa ruwan saman Liyon ya kusa ninka na Damagaram, cewa da ruwan rufin bukka muke ban-ruwa, wanda muke tarawa a ganga, cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, yana son turare. Ya ce duk ya ji, shi ma bai ce haramun ne ba. Amma muryarsa ta nuna ba ruwan ne ke damunsa ba.

Abin da ke damunsa ya fito fili a Agusta na 2024, da muka kai yara gida. Tafiyar ta yi tsawo, domin jiragen da ke tashi kai tsaye daga Paris zuwa Yamai sun tsaya tun Agusta na 2023. Sai da muka bi ta Kasablanka, daga Yamai kuma kusan kilomita 900 a mota. Muka tarar yanar ido ta rufe ganin Malam, ƙanenmu ne ke jan salloli, shi kuwa sai a riƙo hannunsa zuwa sahu. Bayan isha'i muka miƙa masa tsaraba, ƴar kwalbar ruwan wardi da ƙullin busasshen fure. Ya kwance ƙullin ya kai hanci, ya daɗe. Ya ce: "Ɗan uwan na Ɗa'ifa ne, sai dai bai kai shi ba." Can ya ce: "Guda nawa ka dasa?" Muka ce huɗu. Ya ce: "Shekara nawa suke yi?" Muka ce in an kula da su, ashirin, talatin, ko fiye. Ya jujjuya ƙullin a hannunsa, ya ce: "To, ashe ka zauna."

Ba da faɗa ya faɗe ta ba. Mu ne ɗan fari, mu aka zaunar aka karantar tun daga Ahalari har Risala saboda wannan masallaci, kuma shekara 11 ke nan muna ce masa baɗi. Muka buɗe baki mu sake cewa baɗi, sai muka tuna jakar Baba Alhaji, muka yi shiru. Abin da muke aikowa ne ke riƙe da gidan da maganinsa, ya sani, mun sani. Yaran kuma ba su san wata makaranta ba sai ta Liyon. Babu wanda ya furta wannan a daren. Jikarsa ta zo ta zauna a cinyarsa, ya lalubo kwalbar ya shafa mata ruwan wardin a goshi.

Sati biyu da suka wuce ƙanenmu ya turo hoto ta WhatsApp. Ashe bayan tafiyarmu Malam ya sa wani almajirinsa mai zuwa Yamai ya sayo masa dashen wardi a wurin masu sayar da itatuwa na bakin kogi, ya ce a dasa shi kusa da lallen, inda ruwan alwalarsa ke zuba. Bai faɗa mana ba, ya kuma hana a faɗa. Bazarar 2025 ta kusa kashe shi, sai da aka yi masa rumfa da zana. A ƙasashen zafi kuwa ɗari ne lokacin wardi, shi ya sa a daidai makon da namu suke sanduna, nasa ya buɗe fure uku jajaye, ga katangar laka a bayansa, ga butar Malam a gefe. Muka kira shi. Ya ce an tsinko masa ɗaya ya shaƙa, na zamani ne, ba ƙanshi, an cuci almajirin. Ƙanenmu kuwa ya ce kullum bayan asuba sai ya lalubo itacen da hannu ya ƙirga furen, kuma ya kafa doka mai tsanani a kan awakin gidan.

Aikin da ke gabanmu yanzu shi ne aski. A ƙarshen Fabrairu ko farkon Maris, in tsananin sanyi ya wuce, ake datse wardi, bana kuwa zai faɗo cikin azumi. Papa Meilland da na uwargida za mu rage su zuwa ido uku ko biyar a kowane reshe, a yanka a karkace a saman idon da ke kallon waje. Su biyun masu aure ne, kamar mangwaron garaken Mirya, saboda haka duk tohon da ya fito daga ƙarƙashin mahaɗar sai a cire shi, in ba haka ba ya ƙwace itacen. Ispahan ba a taɓa shi sai ya gama fure, wanda ya datse shi yanzu ya yanke furen bana. Takardar sabunta garka ta zo tun farkon wata, mun sa hannu, mun biya.

An sa aikin idon Malam a watan Yuni, mun kuma nemi hutu a wurin aiki domin mu kasance a gefensa, mu kaɗai, tun da yara suna makaranta. Wato bana ba za mu ga furen Ispahan ba, a ƙarshen bazarar Damagaram za mu yi waɗannan makonni. Muna roƙon ƴan uwa masu karatu su sa Malam a addu'a, Allah Ya buɗe ganinsa. Ɗiyarmu ta ɗauki alkawarin tsinkar furen da sassafe tare da mahaifiyarta, ta kuma riga ta tambaya ko za a bar ta ta riƙe almakashi.